Mako guda a jirgin ruwa mai tafiya da iska tsakanin tsibiran Lofoten

Ni mazaunin Jidda ne, na kuma saba fita Bahar Maliya a kwalekwalen inji, amma ban taɓa hawa jirgin ruwan da iska ke turawa ba sai a watan Yunin da ya wuce, lokacin da ni da ƙanena muka yi tafiyar mako guda tsakanin tsibiran Lofoten da ke arewacin ƙasar Norwe. Wani ofishin tafiye-tafiye a nan Jidda ne ya haɗa mu da masu jirgin, kuma tun da muka dawo 'yan'uwa suke tambayata ko tafiyar ta ci kuɗinta.

Daga garin Svolvaer muka tashi, mu takwas ban da kyaftin da mai dafa abinci. Ɗakunan kwanan ƙanana ne ƙwarai, sanyi kuma yana ratsa ƙashi duk da cewa lokacin zafinsu ne. Kwana biyu iska ta kwanta aka koma ga inji, amma ranar da ta kaɗa sosai aka buɗe manyan zannuwan jirgin aka kashe injin, babu abin da kunne ke ji sai ruwa yana dukan katako. Haka kuma shigarmu Trollfjord, wani siririn mashigin teku wanda faɗin bakinsa bai wuce mita 100 ba, duwatsu sun tsaya dama da hagu kamar katanga, ba zan manta da ita ba.

Abin da ya fi daraja a hidimar tasu shi ne yadda kyaftin ɗin ya san tarihin wurin. A Henningsvaer ya nuna mana kawunan kifi busassu rataye jere a kan itace, ya ce akasarinsu Najeriya ake kai su, sai na gane kifin nan ne da 'yan'uwanmu na Kudu ke kira okporoko. Daga nan ya bayyana mana cewa kifin nan ne ya jawo wa tsibiran yaƙi, domin bayan Jamus ta mamaye Norwe a 1940, daga man kifi take samun sinadarin gilisarin da ake haɗa abubuwan fashewa da shi. A ranar 4 ga Maris 1941 sojojin kundumbala na Birtaniya kimanin 500, tare da wasu 'yan Norwe, suka sauka a Svolvaer da Stamsund da Henningsvaer da Brettesnes, suka ƙona masana'antun man, suka nutsar da jirage, suka kama Jamusawa 228, sannan 'yan ƙasar fiye da 300 suka bi su zuwa Birtaniya don shiga yaƙin. A cikin wani ƙaramin jirgin Jamus mai suna Krebs suka sami sassan na'urar Enigma, wadda Jamusawa ke ɓoye ma'anar saƙonninsu da ita, da takardun sirri, waɗanda suka taimaka wajen karanta saƙonnin sojojin ruwan Jamus. Bai kuma ɓoye mana cewa mutanen gari ne suka ɗanɗana kuɗarsu daga baya ba, don Jamusawa sun ƙona gidaje sun kuma kwashe mutane zuwa kurkuku. Da muka shiga gidan tarihin yaƙi na Svolvaer, na daɗe tsaye gaban kakin sojojin, ina tunanin masuntan da suka wayi gari cikin wannan bala'i.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun abinci. Ofishin ya tabbatar mana an shirya mana na halal, amma da muka hau jirgi mai dafa abincin ba ta da labari. Allah Ya sa mace ce mai kirki, ta ware mana tukunya, muka yi mako muna cin kifi da dankali da burodi. Ofishin bai kuma faɗa mana cewa rana ba ta faɗuwa a can a watan Yuni ba, sai da muka bincika da kanmu, muka tambayi malaminmu kafin tafiya, ya ce mu bi lokutan Makka. Da agogon Jidda a hannuna muka yi sallar isha'i rana tana haska kan duwatsu, ƙanena yana ce mini, "Yaya, duba alƙibla, jirgin ya sake juyawa."

Zan ba mai sha'awar tarihi shawarar ya je, matuƙar yana jure sanyi da ƙuncin ɗaki, amma ya rubuta wa masu jirgin kai tsaye game da abinci, ya kuma tafi da rigar sanyi mai hana ruwa shiga da maganin jiri.