Wace manhajar taswirar tunani za ka zaɓa? Abubuwan dubawa kafin ka buɗe asusu

Taswirar tunani ba wani abu ne mai wuya ba. Ka rubuta batu a tsakiyar shafi, ka fitar masa da rassa, kowane reshe kuma ya haifi nasa 'ya'yan. Tony Buzan, ɗan Ingila, shi ya yayata salon a wani shirin talabijin na BBC a 1974, lokacin da kayan aikin ba su wuce takarda da alƙaluma masu launi ba. Yau manhajojin sun cika intanet, kuma a hoton talla duk kamarsu ɗaya: da'ira a tsakiya, rassa masu lanƙwasa, launuka gwanin sha'awa. Bambancinsu ba ya fitowa sai an kwana biyu, ranar da ka je buɗe taswira ta huɗu aka ce sai ka biya, ko ranar da intanet ta ɗauke kana tsaka da bita.

Tambayar farko ita ce, aikin me za ka yi da ita? Mai karatu shi kaɗai da mutane takwas da suka zauna neman dabarar wani aiki ba abu ɗaya suke buƙata ba. Na farko yana son sauri, da damar naɗe rassa, wato ɓoye ƙananan rassa a ƙarƙashin babba, da fayil ɗin da zai zauna a na'urarsa. Na biyu suna son kowa ya shiga ba tare da wahala ba, su yi rubutu a lokaci guda. Manhajar da ta ƙware a ɗaya takan yi rauni a ɗayan.

Bishiya ce ko raga?

Wannan shi ne abin da masu saye suka fi tsallakewa. Yawancin manhajojin nan bishiya suke ginawa: kowane reshe uwa ɗaya gare shi. Ɗauki darasin zagayawar jini. Ka sa shi a tsakiya, ka fitar da rassa huɗu: zuciya, huhu, jijiyoyi, jini. A ƙarƙashin zuciya ka jera ɗakunanta huɗu, biyu na sama biyu na ƙasa. Har nan lafiya lau. Amma jini yana fita daga ɗakin ƙasa na dama ya tafi huhu, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya gangara na ƙasa, sannan ya bazu cikin jiki. Wannan zagaye ne, bishiya kuwa ba ta zagaye. Sai ka ja layi daga wani reshe zuwa wani da ke can gefe, ka rubuta a kansa abin da ya haɗa su.

XMind da MindMeister da Freeplane duk suna ba da damar jan irin wannan layi, Coggle kuma yana barin rassa biyu su haɗe su zama zobe. Layi uku ko huɗu ba su da matsala. In sun kai goma sha biyar, taswirar ta koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, kuma alama ce cewa darasinka raga ne. Irin wannan yana da nasa salon, wato taswirar ma'anoni, wanda Joseph Novak ya ɓullo da shi a Jami'ar Cornell a 1972, inda kowane layi ke ɗauke da kalmar da ta bayyana dangantaka, kamar "yana haifar da" ko "yana hana". Manhajar CmapTools, wadda kyauta ce, don shi aka yi ta. Darussan da suke rarrabuwa kashi-kashi, kamar nahawu ko rabe-raben dabbobi ko babukan doka, bishiya ta ishe su.

Masu zama a burauza

MindMeister, wanda ya fito a 2007, yana cikin tsofaffin wannan rukuni. Ba ka sauke komai, ka shiga shafinsu ka fara, kuma mutane da yawa za su iya gyara taswira ɗaya kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa. Tsarinsa na kyauta taswira uku ne. Ga wanda ke da aiki ɗaya tak, ukun sun wadatar. Ga ɗalibi mai darussa tara, kowanne da babi goma, ba su kai ko'ina ba, kuma dabarar cusa komai cikin taswira ɗaya tana ƙarewa ne da shafi mai nauyi da ba ya karantuwa.

Coggle ya fi shi sauƙin koyo, cikin minti biyar mutum ya gane kansa. Shi ma taswira uku yake ba ka na sirri, amma waɗanda ka yarda su zama a fili ba su da iyaka. Nan ne wurin lura. Taswirar darasin sinadarai ba abin ɓoyewa ba ce, ka bar ta a fili ka huta. Tsarin kasuwancin da ba ka fara ba, ko bayanin da ke da sunayen mutane, ba wurinsu ba ne. Coggle yana kuma karɓar lissafi da aka rubuta da LaTeX, wato tsarin rubuta alamomin lissafi a kwamfuta, abin da masu karatun kimiyya za su ji daɗinsa.

MindMup kuma ko asusu ba ya nema kafin ka fara zane, yana kuma iya ajiye maka aiki a Google Drive. Sai dai ajiyarsa ta kyauta a rumbun kamfanin tana da sharaɗi biyu: kada taswira ta wuce kilobayit 100, kuma wata shida ake riƙe ta. Hoto ɗaya da ka liƙa ya isa ya cinye wannan ma'auni. Kamfanoni kan sauya irin waɗannan ƙa'idoji, saboda haka karanta shafin tsare-tsarensu a ranar da za ka yi rajista.

Rauninsu duka ɗaya ne: aikinka yana kan kwamfutar wani. In layi ya yi rauni, rubutu yakan yi jinkirin bayyana, wani lokaci gyaran ƙarshe bai kai ga ajiyuwa ba ka rufe shafin.

Masu zama a na'urarka

XMind yana aiki a Windows da macOS da Linux da wayoyin Android da iPhone, kuma fayil ɗinsa yana zaune a na'urarka, da intanet ko babu. A ganinmu shi ne ya fi dacewa da mai karatu shi kaɗai. Yana iya juya bayani ɗaya zuwa siffofi daban-daban: taswira mai rassa, jerin zamani, tsarin muƙamai, ko ƙashin kifi da ake bin sawun musabbabin matsala da shi. Yana kuma nuna taswirar a matsayin jerin kanun bayani, abin da ke da amfani sosai in daga taswirar za ka rubuta maƙala. Kafin ka saba da shi, duba waɗanne hanyoyin fitar da fayil ne suke cikin na kyauta, da ko hoton da ka fitar yana zuwa da tambarin kamfani a jikinsa.

Freeplane kyauta ne gaba ɗaya, ba iyakar taswira, ba kuɗin wata. Daga wata tsohuwar manhaja mai suna FreeMind ya samo asali, kuma fuskarsa irin ta tsofaffin manhajoji ce, cike da maɓallan da za su iya firgita sabon shiga. Amma wanda ya daure mako guda zai sami abin da na zamani da yawa ba su da shi: yana ɗaukar rassa ɗaruruwa ba ya nishi, kuma yana da matata, ka ce ya nuna maka rassan da ka yi wa alamar "ban gane ba" kawai, sauran su ɓuya. Na kwamfuta ne, ba na waya ba, kuma ba a yi shi don aikin taro ba.

In waya ce kaɗai abin aikinka, gwada SimpleMind, wanda ke da na kyauta da kuma na saye sau ɗaya. MindNode yana da kyau amma na masu na'urorin Apple ne kawai. A waya dai kada ka sa rai da yawa, taswirar da ta wuce rassa arba'in sai da ja da matsawa, wayar ta fi dacewa da bita fiye da gina taswira.

Abin da ke sa karatu ya zauna

Akwai wani bincike da ya kamata duk mai niyyar biyan kuɗi ya sani. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue sun wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Science. Ɗaliban da suka karanta rubutu suka rufe shi suka rubuto abin da suka tuna sun fi waɗanda suka zana taswirar ma'anoni da rubutun a gabansu cin jarrabawar da aka yi bayan mako guda. Wato kwafe littafi zuwa rassa masu launi ba shi ne karatu ba, komai kyan zanen.

Wannan ne ya sa naɗe reshe ya fi duk wani ado muhimmanci. Ka naɗe komai har ya rage manyan rassa kawai. Ka dubi "zuciya", ka faɗi ɗakunan da hanyar da jini ke bi da bakinka, sannan ka buɗe ka gani. Inda ka kuskure ka sa jan launi. Gobe ka fara da jajayen. Mafi kyau ma, ka buɗe sabon shafi ka sake gina taswirar da ka, sannan ka gwama da ta jiya. Manhajar da naɗewa ke da wuya a cikinta, ko take mance abin da ka naɗe duk lokacin da ka rufe, ba ta ɗalibi ba ce.

Haka batun ƙirƙirarriyar basira da kusan kowane kamfani ke tallatawa yanzu: ka ba ta fayil, ta miƙo maka taswira cikin daƙiƙu. Ga mai son leƙa dogon rahoto kafin taro, ba laifi. Ga mai shirin jarrabawa, ta ƙwace masa ainihin aikin, domin yanke shawarar wane bayani ne uwa wane ne ɗa shi ne fahimtar.

Ka kuma taƙaita kalmomi. Buzan kalma ɗaya ya ce a kowane reshe. Ba dole ka bi shi sau da ƙafa ba, amma in reshe ya wuce kalma biyar, mayar da sauran cikin akwatin ƙarin bayani da ke maƙale da shi.

In taro ne

Nan bishiya takan zama cikas, domin tana tilasta wa kowace shawara ta sami uwa tun kafin a san inda aka dosa. Shi ya sa farin allo irin na Miro, wanda har 2019 ake kiransa RealtimeBoard, ko FigJam na kamfanin Figma, ya fi dacewa da zagayen farko. Kowa ya liƙa 'yan takardunsa inda ya ga dama, daga baya a tattara masu kama da juna, sannan a ɗora su kan rassa. Miro na kyauta alluna uku yake bari a gyara. Yana kuma da nauyi a tsohuwar kwamfuta.

Matsalar taron neman dabara sananniya ce: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, sauran na jira har abin da ke ransu ya tsere, ƙarami kuma ba ya son saɓa wa babba. Maganinta rubutu a shiru. Akwai tsarin 6-3-5 na Bajamushe Bernd Rohrbach: mutum shida, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya matsa zuwa filin na kusa da shi ya ɗora a kan abin da ya tarar. Zagaye shida, minti talatin, shawarwari 108. A allon intanet ka ware wa kowa filinsa tun kafin a fara, in ba haka ba mutum biyu za su kama takarda ɗaya suna ja. Abubuwa biyu za ka tabbatar kafin ranar: shin baƙo zai iya shiga ta mahaɗi ba tare da buɗe asusu ba, kuma akwai tarihin gyara da za a dawo da reshen da wani ya goge bisa kuskure? In biya za ku yi, lura cewa yawancinsu kan kowane mutum suke lissafi.

Gwajin minti ashirin

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaɓi manhajoji biyu, ka ɗauki babin da ka sani sosai, ka gina rassa talatin a kowacce ba tare da taɓa linzami ba. A yawancinsu maɓallin Tab yana haifar da ɗa, Enter kuma ɗan'uwa. In ka ga hannunka yana yawan komawa kan linzami, manhajar za ta riƙa katse maka tunani. Ja reshe guda da 'ya'yansa zuwa ƙarƙashin wata uwa ka ga ko sauran sun gyara zamansu da kansu. Kashe intanet ka ci gaba da rubutu na minti biyu, ka kunna ka duba abin da ya tsira.

Daga nan sai ƙofar fita. PDF da PNG hoto ne kawai, ba za ka iya ci gaba da gini a kansu ba. Abin nema shi ne nau'in fayil da za a iya ci gaba da gyarawa, wato OPML, ko Markdown, ko fayil mai ƙarshen .mm na FreeMind, wanda manhajoji da yawa ke karantawa. Fitar da taswirarka ta ɗaya daga ciki ka buɗe ta a ɗaya manhajar. Jerin rassa zai iso lafiya, amma ta OPML da Markdown launuka da layukan da ka ja tsakanin rassa sukan zube a hanya, don haka duk dangantaka mai muhimmanci ka rubuta ta da kalmomi ma. In da Hausa kake rubutu, sa kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ a cikin gwajin. Wani salon haruffa yana nuna su daidai a allo, amma a PDF su fito akwatuna ko su bambanta da sauran haruffan. In haka ta faru, sauya salon zuwa Noto Sans ko Arial ka sake fitarwa.