OpenWrt a kan tsohuwar rauta: makulli mai ƙarfi da ke neman haƙurin mai shi

Abin da ya kai ni ga OpenWrt shi ne ranar da na buɗe shafin sarrafa rautata, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gidana, na tarar da na'urori 11 a manne da ita, alhali duk wayoyi da kwamfutocin da na sani ba su wuce 7 ba. Sauya kalmar sirri ya kori baƙin nan take, amma da na leƙa sashen sabuntawa sai na ga kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina fitar mata da gyara, kuma babu zaɓin WPA3, sabon tsarin kulle Wi-Fi da kalmar sirri, a cikinta ko kaɗan. Na'urar lafiyarta ƙalau, manhajar da ke tafiyar da ita ce aka bari a baya.

OpenWrt manhaja ce ta kyauta da aka gina a kan Linux, wadda ake ɗorawa a madadin wadda rauta ta zo da ita daga masana'anta. Aikin ya faro ne a shekarar 2004, bayan kamfanin Linksys ya saki tushen manhajar rautarsa WRT54G kamar yadda lasisin GPL, mai wajabta buɗe tushen manhaja, ya tanada, kuma har yau masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam ne ke riƙe da shi. Ba kowace rauta ke karɓarta ba. Dole mutum ya duba jadawalin na'urorin da ke shafinsu, ya daidaita sunan tasa har da lambar zubin da ke rubuce a ƙarƙashinta, domin rautoci biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a kayan ciki, kuma ɗora fayil ɗin da bai dace ba yana iya hana na'ura tashi gaba ɗaya.

Halinta yana bayyana tun kunnawar farko. Wi-Fi yana zuwa a kashe, don haka sai na haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, na rubuta 192.168.1.1 a burauza, shafin sarrafawa mai suna LuCI ya buɗe da gargaɗi a samansa cewa ba a sa kalmar sirrin mai gudanarwa ba tukuna. Katangar tsaronta kuma tana ƙin duk wata haɗuwa da aka faro daga ɓangaren intanet. Wani zai ga wannan a matsayin wahalarwa, ni kuwa a nan ta fara samun yardata, domin ba ta buɗe ƙofar da mai ita bai buɗe da hannunsa ba.

Babban abin da na je nema shi ne WPA3, wanda ya fito a 2018, kuma OpenWrt take zuwa da shi kai tsaye tun daga zubi na 21.02. Bambancinsa da WPA2 na shekarar 2004 ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarƙashin WPA2, duk wanda ke kusa da gida yana iya naɗar 'yar gaisuwar da waya da rauta suke yi a lokacin haɗuwa, ya tafi da ita inda ya ga dama, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomin sirri miliyoyi ba tare da rautar ta san ana yi ba. Idan kalmar gajeriya ce, ko lambar waya, ko suna da shekarar haihuwa, ba za ta daɗe ba. WPA3 ya toshe wannan hanya da tsarin da ake kira SAE, inda kowane gwaji ɗaya sai mai kutse ya tuntuɓi rautar kanta, abin da ke mayar da aikin mai tsananin jinkiri. Sai dai akwai tarko a nan wanda shafin sarrafawa ba ya bayyanawa sosai. Tsofaffin na'urori, musamman firinta da kyamarorin tsaro, da yawansu ba su san WPA3 ba, don haka mutum yakan zaɓi haɗakar WPA2 da WPA3, kuma muddin kalmar sirri ɗaya ce ke buɗe duka biyun, raunin tsohon tsarin yana nan daram. Abin da na yi shi ne na ware wa tsofaffin na'urorin hanyar sadarwa tasu mai doguwar kalmar sirri ta dabam, na bar babbar a kan WPA3 zalla. Tsarin yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, kuma babu dalilin tsayawa a mafi ƙanƙanta.

Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne rashin WPS, hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta danna maɓalli ko rubuta 'yan lambobi a madadin kalmar sirri, a cikin abin da aka ɗora tun farko. A watan Disamba na 2011 mai bincike Stefan Viehböck ya nuna cewa lambobi 8 na WPS rabi-rabi ake tantance su, ta ƙarshe kuma lissafin sauran ce kawai, ta yadda gwaji kusan 11,000 ya isa a gano su. Rautoci da dama sun ci gaba da zuwa da shi a kunne shekaru bayan haka. A OpenWrt sai wanda ya nema da kansa ya girka ƙarin manhaja zai same shi.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, duk suna nan ga mai so, amma ban ba su muhimmanci ba, domin ana iya gano ɓoyayyen suna a kuma kwaikwayi lambar cikin sauƙi, kuma wayoyin zamani ma sauya lambar suke yi da kansu.

Inda aikin ya fi ɗaukar lokaci shi ne ware hanyar baƙi. Abin da manhajojin kamfanoni ke yi da maɓalli ɗaya, a nan sai an ƙirƙiri sabuwar hanya, a ba ta rukunin adireshi, a buɗe mata yanki a katangar tsaro, sannan a rubuta ƙa'idoji. A gwajina na farko wayar baƙo ta ga sunan, ta karɓi kalmar sirri, sai ta tsaya tana juyi tana neman adireshi har ta gaji. Kuskuren nawa ne, domin na rufe yankin ruf na manta ban bar ƙofa ta 67 ta rabon adireshi da ta 53 ta neman sunayen shafuka ba. Da na gyara, sakamakon ya fi abin da na saba gani, saboda baƙo yana samun intanet amma ba ya ganin kwamfutata, ba ya kaiwa ga shafin sarrafawa, kuma da zaɓin keɓe masu haɗuwa ko wayar baƙo ɗan'uwansa ba ya gani. LuCI tana da wata dabara mai amfani a irin wannan aiki: idan sauyin da aka yi ya yanke haɗuwa da rautar, takan jira ɗan lokaci sannan ta mayar da saitin baya da kanta.

Raunin OpenWrt na gaskiya yana wajen sabuntawa. Gyare-gyaren tsaro suna fitowa a kai a kai, har ga na'urorin da masu ƙera su suka manta da su, amma manhajar ba ta ɗora su da kanta, sai mai ita ya bibiya ya yi. Sabuntawar da aka saba tana riƙe saituna amma ba ta riƙe ƙarin manhajojin da aka girka, sai an sake saka su ko an yi amfani da kayan aikin da aka tanada don haka. Rautocin da ma'adaninsu megabait 4 ne da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32 an bar su tun bayan zubi na 19.07, masu guntun Wi-Fi na Broadcom kuma sau da yawa tallafinsu bai cika ba saboda direbobinsu, wato manhajojin da ke tafiyar da guntun, ba a buɗe suke ba.

Wanda ba zai iya ware yini ɗaya ya karanta bayanai ba, ko ba zai riƙa komawa yana sabuntawa ba, gara ya sayi sabuwar rauta mai WPA3 da ke sabunta kanta, domin OpenWrt da aka ɗora aka manta da ita za ta tsufa kamar wadda ta maye gurbinta. Ni dai na bar ta a kan tawa, kuma jerin na'urorin da ke babbar hanyar ya dawo daidai da waɗanda na sani, kowace da sunanta da ƙarfin siginarta a gefe.