Wata biyar ina rubutu da Pilot Kakuno

Akwai wata kanta a gefen yatsana na tsakiya wadda ta girmi wasu daga cikin ɗalibaina. Biro ne ya haife ta. Ni malamin sakandare ne, kuma duk wanda ya san aikin ya san rabinsa rubutu ne: tsarin darasi, rajista, sakamakon jarrabawa, ga ɗan littafin da nake rubuta al'amuran yau da gobe da daddare. A ƙarshen zangon karatu hannuna har tsami yake yi. Wannan ne ya tuna mini da alƙalamin mahaifina, wani Hero ɗan ƙasar Sin mai murfin ƙarfe, da kwalbar tawadar Quink da ba a yarda mu taɓa ba. Mutumin nan ya yi shekaru yana aikin akawu, ban taɓa jin ya ce hannunsa na ciwo ba.

Kakuno irin wannan alƙalami ne, mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawadar ruwa, wanda Turawa ke kira fountain pen, amma ban fara da shi ba. Na fara da wani mai arha da na tsinta a teburin wani mai sayar da kayan rubutu, mai ruwan zinare, nauyi kamar ƙusar gini, babu ko sunan kamfani a jikinsa. Kwana uku ya yi ya zubar mini da tawada a aljihun farar shadda. Da na wanke shi ya dawo hayyacinsa, sai kuma ni na ƙarasa shi da hannuna, kuma wannan labarin ya kamata duk Bahaushen da zai shiga harkar nan ya ji.

Tawadar kwalba ta ƙare mini ranar wata Juma'a. A zauren kawuna kuwa akwai kurtun tawada cike, irin wadda almajirai ke rubutu da ita a allo. Na ce tawada ai tawada ce. Na tace ta da tsumma, na zuƙa a alƙalami, ya rubuta layi biyu baƙi wuluk har ina murna. Washegari ko ɗigo bai fitar ba. Kawu ya juya shi a hannu ya ce, "Kai yaro, wannan tawadar da ƙaro ake haɗa ta don ta kama allo. Alƙalamin gamba idan ya toshe fiƙe shi ake yi. Naka fa, da me za ka fiƙe shi?" Gaskiyarsa. A ƙarƙashin bakin ƙarfen irin wannan alƙalami akwai wata baƙar roba mai tsaga-tsaga, da wata siririyar hanya kamar silin gashi. Ta nan tawada ke gangarowa da kanta, iska kuma ta koma ciki ta maye gurbinta. Garin gawayi da ƙaro idan suka bushe a wannan hanya, shi ke nan. Haka ma tawadar zane da ake sayarwa don alƙalamin tsomawa. Kada ka zuba komai sai abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa na irin wannan alƙalami ne.

Bayan wannan asara ne na yi odar Kakuno ta intanet. Kamfanin Pilot na Japan ne ke yin sa, kamfanin da ke sana'ar tun 1918, kuma ya fito da wannan samfuri a 2013 a kan yen 1,000, musamman don yara da masu koyo. Ganin farko sai da na yi dariya. Roba ce zalla, mara nauyi, jikinta mai kusurwa shida irin na fensir, a kan bakin ƙarfen kuma an zana wata 'yar fuska tana murmushi. Na ce yanzu ni da furfurata zan shiga ofishin malamai da kayan wasan yara? Ashe fuskar aiki take yi: idan tana kallonka, to ka riƙe shi daidai. Wurin riƙon ma mai kusurwa uku ne, yatsu na zama inda ya kamata ba tare da an faɗa musu ba. Kusurwoyin jikin kuma suna hana shi mirginawa daga tebur, abin da ba ƙarami ba ne, domin faɗuwa ɗaya a kan baki na iya lanƙwasa shi.

Satin farko ban ji daɗinsa ba, kuma laifina ne. Shekara ashirin da wani abu ina danna biro kamar mai sassaƙa turmi, hannu ya saba. Shi wannan ba ya son dannawa ko kaɗan. Nauyin kansa ya isa ya sa tawada ta sauka. Kuma ba a tsayar da shi tsaye cak, kwantar da shi ake yi kaɗan, kamar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance. Ranar da hannuna ya gane wannan, na rubuta shafi shida na tsarin darasi a zama ɗaya, na tashi ban yarfe hannu ba. A nan ne na ce kuɗina sun fita. Kantar tana nan, amma ta yi laushi.

Zaɓin da ya fi yi mini amfani shi ne girman baki. Ana yin Kakuno da baki siriri ƙwarai, da siriri, da matsakaici, wato EF da F da M. Na ɗauki F. Wani abokin aikina yana da Lamy Safari, ɗan Jamus ɗin nan da ake yi tun 1980, shi ma F, amma da muka ja layi gefe da gefe nasa ya fi nawa kauri a fili. Haka abin yake: bakin alƙaluman 'yan Japan ya fi na Turai siranta ko da harafin da ke jiki iri ɗaya ne, saboda rubutunsu mai layuka da yawa ne a ƙaramin wuri. Safarin ya fi santsi a takarda mai kyau, ba na musu. Amma mu da wace takarda muke rubutu?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma babu wanda ya gaya mini kafin in saya. Alƙalamin rabin magana ne, takarda ce sauran rabin. Tawadar biro mai maiƙo ce, tana zama a saman takarda ko wace iri. Wannan kuwa ruwa ce. A littattafan rubutun da ɗalibai ke saye na mai ganye 60 ko 80, yawancinsu takardar shan ruwa take kamar soso. Harafi sai ya yi gashi-gashi a gefe, ƙugiyar ɗ da ta ƙ su cushe su zama ɗigo, idan ka juya shafi kuma ka tarar tawada ta yi naso ta baya. Da baki mai kauri, shafi ɗaya kawai za ka mora a kowane ganye. Siririn baki yana sakin tawada kaɗan, saboda haka yana tsira a inda mai kauri ke nutsewa. Na yi gwaji iri-iri, har takardar rasit ɗin mai shago ban bari ba. Abin da na tsaya a kai shi ne farar takardar firinta mai giram 80. Na sayi rim ɗaya, na kai wa masu ɗinkin littafi a bakin kasuwa suka yi mini littattafai huɗu masu bangon kwali. Masu abin hannu suna yabon takardun Rhodia da Clairefontaine na Faransa, na kuma taɓa rubutu a ganye biyu da aka ba ni, lallai kamar alƙalami na tafiya a kan tangaran. Sai dai albashin malami bai kai a rubuta sunayen masu makara a irin wannan takarda ba. Wani abin mamaki, kauri ba shi ne ma'auni ba. Na ga takarda mai kauri da ta yi naso, na ga siririya da ta riƙe. Kafin ka sayi littafi, roƙi mai shago ka ɗiga a shafin ƙarshe.

Maganar tawada gajeriya ce. Yana zuwa da 'yar robar tawada guda ɗaya da ake cusawa ciki, kuma irin ta Pilot kaɗai ke shiga, kamar yadda Lamy ma ke da tasa. Maimakon in riƙa jiran oda, na haɗa da ɗan mazuƙin tawada na kamfanin, CON-40, wanda ake murzawa ya zuƙo daga kwalba. Cikinsa ƙarami ne, nakan cika shi duk bayan kwana uku ko huɗu. Kwalbar Quink shuɗiya guda ɗaya kuwa har yau ban kai rabinta ba. Ranar da na buɗe ta, ƙanshin ya mayar da ni ɗakin mahaifina, sai da na ɗan zauna shiru.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Na fara amfani da shi cikin hunturu, lokacin da leɓe ma tsagewa yake. Idan na bar shi a buɗe ina bayani a allo na minti biyu ko uku, sai bakin ya bushe, harafin farko ya ƙi fita. Maganin shi ne mayar da murfi duk lokacin da aka dakata, kuma murfin na turawa ne, ba na murɗawa ba, saboda haka ba wahala. Idan ya riga ya bushe, ɗigon ruwa a baki ya isa. Da bazara ta shigo kuma na yi wautar barin sa a jaka a kan babur cikin rana. Iskar da ke ciki ta kumbura, ta turo tawada cikin murfi, na shiga aji da yatsu shuɗaye, 'yan aji uku suka sami abin dariya na mako guda. Tun daga nan a inuwa yake kwana, bakinsa sama. Ba shi da maƙalin aljihu, don teburin ɗalibi aka yi shi, ni kuma na sama masa gida a tsohon kwanson tabarau. Wanka kuwa sau ɗaya a wata: ruwan sanyi, a zuƙa a fesar har ya fito fari, a bar shi ya kwana a kan tsumma. Ban da ruwan zafi, ban da sabulu mai ƙarfi.

Ban jefar da biro ba. Takarda mai kabon a ƙasa tana bukatar dannawa, nan biro ne sarki. Irin wannan tawada ta rini kuma ba ta jure ruwa, gumin hannu ma yana iya shafe ta, saboda haka duk abin da ya shafi sa hannu a takardar kuɗi ko rajistar da za ta yi shekaru a ajiye, da biro nake yi. Makin jarrabawa ma haka, jan biro, don takardar amsa ba ta ɗaukar ruwa. Mai rubutu da hagu kuma ya yi la'akari da cewa hannunsa zai bi ta kan tawada kafin ta bushe. Ni kaina na ɗanɗana hakan ranar da na gwada rubuta wasiƙar ajami da shi, daga dama zuwa hagu babu matsala, amma da na dawo sa wasula sai gefen hannuna ya shafe layin farko.

Ga mai son farawa, abin da zan ce ya saya uku ne: Kakuno mai bakin F, mazuƙi, da kwalbar tawada ɗaya, shuɗiya ko baƙa. Sauran kuɗin ya kashe su a takarda. Kuma kada ya ba da aro ga wanda ya saba da biro, don zai danna. Shugabar sashenmu ta miƙo hannu ran nan za ta sa hannu a rajista, na ce, "Hajiya, ga biro, ya fi kama wannan takardar." Ta kalli 'yar fuskar da ke bakin alƙalamin, ta kalle ni, ta ce in yi wa jikanta odar guda ɗaya mai jan murfi.