Idon kyanwa na hawaye: abin da ya cancanci kuɗinka, da abin da za ka bar wa mai shi

Da zarar kyanwa ta fara tsiyayar hawaye, ko kwantsa ta bushe a gefen idonta, hankalin mai ita yakan koma kan abin da zai saya. Kayan kuwa sun yi yawa: takardun gogewa masu danshi, garin cire tabon hawaye, ɗigon ido iri-iri, man shafawa, har da ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara garkuwar jiki. Ni zaɓina a fili yake. Ruwan gishirin asibiti a ƙananan robobi masu amfani sau ɗaya, da bandeji mai raga-raga wanda ke cikin ledarsa a rufe, da 'yar ƙaramar tocila. Da waɗannan uku za ka iya tsabtace ido ka kuma ga abin da ke damunsa, kuma ganin shi ne ainihin aikin mai kyanwa. Magani na likitan dabbobi ne.

Sai ka san abin da kake nema kafin ka san abin da za ka saya. Ka zaunar da kyanwar a wuri mai haske, ka haska tocilar daga gefe, kada ka dalle mata ido kai tsaye. Ka kwatanta idanun biyu: buɗewarsu ɗaya ce? Kyanwar da ke ƙanƙance ido ɗaya ko tana yawan ƙyafta shi, zafi take ji, ko da ba ta nuna a wani wuri ba. Ka bi bakin fatar ido da kallo. Wani lokaci ta ƙasa tana nannaɗewa ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido duk ƙyaftawa, kuma an fi ganin haka a nau'in kyanwar Farisa da manyan mazan nau'in Maine Coon. Akwai kuma 'yan kyanwar da ake haifa ba tare da wani sashe na fatar idon sama ba, yawanci ta wajen kunne, gashin fuska ya sauko kan ido ba shamaki. Idan kyanwarka fara ce mai son kwanciya a rana, duk wani ɗan miki a bakin fatar ido da ya ƙi warkewa kada ka raina shi, domin sankarar fata tana farawa haka. Sannan akwai fatar ido ta uku, farin tantanin da ke ɓoye a kusurwar ido ta wajen hanci. Idan kyanwa tana farke sarai kuma ya rufe wani sashe na ido, jikin ba daidai yake ba.

Hanyar hawaye kuma kamar kwata take. Akwai ƙananan ƙofofi biyu a kusurwar ido ta ciki, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, suna kwashe hawaye zuwa wata siririyar magudana da ke sauka cikin hanci. Hawaye yana malala kan fuska ne a kan dalili biyu: ko ido na fitar da shi da yawa saboda wani abu na cinsa, ko magudanar ta toshe. A kyanwa mai shafaffiyar fuska, irin ta Farisa da Himalaya da Exotic Shorthair, magudanar a lanƙwashe take tun haihuwa, don haka jiƙar fuska abokiyar zamanta ce. A sauran kuliyoyi, sau da yawa tabon murar da suka yi suna ƙanana ne ya liƙe ƙofofin, musamman wadda ƙwayar cutar hapis ta kuliyoyi ke kawowa. Jajayen tabon nan mai kama da tsatsa da ke bin gefen hanci wani sinadari ne da ke cikin hawayen kansa, yana yin duhu idan ya sha iska. Ba jini ba ne, kuma ba shi ne ciwon ba.

Shi ya sa na fi son ruwan gishirin asibiti, wanda ake rubuta wa normal saline ko sodium chloride 0.9% a jiki. Gishirinsa ya yi daidai da na ruwan jiki, ba ya yaji a ido, ba shi da turare, kuma idan kyanwar ta lashe abin da ya gangaro ba abin da zai same ta. Mafi muhimmanci a wurina, ba ya ɓoye komai. Ido mai ja zai ci gaba da zama ja bayan ka wanke shi, kwantsa mai ruwan ɗorawa ko kore za ta dawo da launinta, kai kuma ka san lokaci ya yi da za a ga likita. Na fi son ƙananan robobin da ake murɗe wa kai a yi amfani a yar, domin babbar kwalba da zarar an buɗe ta ta fara tara ƙwayoyin cuta, wasu kuma ana zuba musu sinadarin hana lalacewa da ke ɓata wa ido rai idan ana yawan amfani da shi. Yadda ake yi ba wuya: ka jiƙa bandejin sosai, ka ɗora kan busasshiyar kwantsar ka ɗan riƙe har ta yi laushi, sannan ka share daga wajen hanci zuwa waje. Kada ka ɓamɓare ta a bushe, gashi take tafiya da shi ta bar fata ja. Kowane ido da nasa bandejin, saboda cutar kalamidiya ta kuliyoyi takan fara a ido ɗaya kafin ta tsallaka. Daga ƙarshe ka busar da lungun fatar da ke gefen hanci, don danshin da ya kwana a nan shi ke kawo wari da kumburi.

Auduga tana barin zare a ido, bandeji ya fi ta. Takardun gogewa na dabbobi sun yi idan kana kan hanya kuma ba su da turare ko barasa, amma kuɗin sauƙi kawai kake biya. Na jarirai kada su kusanci idon. Ruwan wanke gilashin da ake maƙalawa a ido ba ruwan gishiri zalla ba ne, wani ma yana ɗauke da hydrogen peroxide mai ƙona ido. Ruwan gishirin da aka haɗa a gida ba ya samun ma'auni daidai. Idan ba komai a hannu, tafasasshen ruwa da ya huce ya isa goge waje. Ƙwayoyin lysine kuwa, waɗanda ake cewa suna ƙara garkuwar jiki, binciken da aka yi bai nuna suna hana cutar hapis ba.

Inda na fi tsaurarawa shi ne ɗigon ido. Wani mai sayar da kayan dabbobi ya taɓa miƙo min wata kwalba, ya ce ita ce maganin jan ido, kowa ita yake saya. Can cikin ƙananan rubutu akwai dexamethasone. Kyanwata kuwa ashe tana da ɗan gyambo a saman ƙwayar ido wanda ba a gani da ido zalla. Da na ɗiga mata, jan ya ja baya da farko, daga baya idon ya yi hazo-hazo, ta daina buɗe shi gaba ɗaya, tana ɓuya ƙarƙashin kujera. Da likita ya ɗiga mata rini ya haska shuɗiyar fitila, gyambon ya fito kore shar, ya faɗaɗa. Ta warke, amma farin tabo na nan a idon. Tun daga lokacin, sharaɗina na farko ga kowace kwalba shi ne in karanta abin da ke ciki. Duk wadda ka ga sunan dexamethasone, prednisolone, betamethasone ko hydrocortisone a jikinta, sitiroid ne, wato maganin rage kumburi: yana hana gyambo warkewa, yana kuma iya tayar da hapis da ke kwance. Ba a ɗiga shi sai likita ya tabbatar ba gyambo.

Ɗigon mutane na kawar da jan ido, masu tetrahydrozoline ko naphazoline, guba ne ga kyanwa idan ta lashe, suna rage bugun zuciya. Man idon nan mai haɗin neomycin da polymyxin da bacitracin an samu kuliyoyin da jikinsu ya yi mummunan bore da shi, har wasu suka mutu, ko da yake ba kasafai ba. Kuma komai zafin da take ji, kada a ba ta farasitamol, yana kashe kyanwa.

Masu ha'inci sun fi yawa a ɓangaren cire tabon hawaye, domin sun san mai farar kyanwa ba ya son ganin tsatsar nan. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika takardun gargaɗi ga wasu kamfanoni masu sayar da irin waɗannan kaya saboda suna ɗauke da tylosin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba a amince a yi wannan aiki da shi a karnuka da kuliyoyi ba. Wato ana barbaɗa wa dabba antibayotik a abinci kullum don kwalliya kawai. Ka yi hattara da duk kayan da aka rubuta wa "na halitta zalla" ba tare da jerin sinadarai ba, domin man tea tree ma daga itace yake, kuma guba ne ga kyanwa. Ka guji duk wanda ya ce yana buɗe toshewar magudanar hawaye. Babu gari ko ɗigon da ke yin haka, wanke magudana da siririn bututu ake yi, yawanci bayan an sa dabbar barci. Ka duba hatimin murfi, lambar rukunin da aka haɗa maganin, ranar ƙarewa, da sunan kamfani mai adireshi. Rubutu mai gogewa da yatsa, ko ruwa mai gurɓi ko ɗan ƙura-ƙura a ciki, alamar jabu ce. Ko kayan gaske ma suna gurɓacewa: a 2023 an janye wani ɗigon jiƙa ido na mutane a Amurka bayan ƙwayar Pseudomonas ta shiga ciki, wasu suka rasa gani. A intanet kuma, hotunan "kafin da bayan" da haske da aski ake haɗa su.

Kuɗin da ka rage daga waɗannan kaya ka kai shi wurin likitan dabbobi. Rinin fluorescein da zai ɗiga yana nuna gyambo, kuma idan ya ɓullo a hanci bayan 'yan mintuna, magudanar a buɗe take, ko da yake a wasu kuliyoyi yana zarcewa maƙogwaro. Da 'yar takardar Schirmer zai auna yawan hawaye cikin minti 1. Idan ido a rufe yake, ko ya yi hazo, ko kwantsa ta koma kore, ko ɗan kyanwa ya kumbura a ido kafin ya buɗe shi, a kai ta a ranar.