Abin da layinmu a Landan ya nuna mini game da kasuwar gidaje

Yaya, ka tambaye ni ko kasuwar gidaje ta motsa a nan. Ban tsaya duba jarida ba, layinmu kawai na bi da ido.

A Kano ai ka fi ni sanin alamun. Idan tifofin yashi suka dawo suna tayar da ƙura a hanyar Gwarzo, masu buga bulo a Rijiyar Zaki suka tashi daga inuwa, ka kuma shiga Ƙofar Ruwa ka tarar mai rodi ba shi da lokacin doguwar gaisuwa, to kuɗi sun shigo hannun mutane. Shi kuwa dillali, daga ranar da ya fara ƙin ɗaga wayarka ka san ya samu ciniki.

A nan gidajen tsofaffi ne. Wanda nake haya ya girmi kakanmu, jan bulo ne, jere da 'yan uwansa kamar haƙoran mataji. Saboda haka ba yashi ake kallo ba, shara ake kallo. Akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe da ake haya a ajiye a bakin titi don zuba ɓaraguzai. Duk wanda ya sayi gida, abin da zai fara shi ne ya fasa kicin da banɗaki, ko da babu abin da ya same su. A 2023 sai in yi wata ban ga akwatin nan ba. Yanzu kuwa sai na riƙa kauce musu a hanyar masallaci. Allunan dillalai ma da suka yi ta shan ruwan sama a ƙofar gidaje sun fara komawa "an sayar". Mai gyaran famfon da a da yake zuwa ran da na kira, wannan karon mako uku ya ba ni, ko haƙuri babu.

Dalilin bashi ne. Mu siminti ne ke tsayar mana da gini, kamar farkon 2024 da buhu ya haura naira dubu goma. Su kuwa yawanci da bashin banki na shekara 25 ko fiye suke sayen gida. Babban Bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5.25 cikin ɗari a Agustan 2023, kowa ya noƙe. Da ya fara ragewa a Agustan 2024, sai masu saye suka leƙo. Irinmu masu gudun riba sai dai mu nemi bankin Musulunci, ko mu ci gaba da biyan haya wata-wata.

Abu ɗaya ya burge ni: mai gida ne kaɗai ke biyan dillali la'ada. Amma sauran cinikin, wallahi namu ya fi mutunci. A gida idan mutum ya ce ya sallama a gaban shaidu, aka yi addu'a, mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare. A nan lauyoyi za su ja ka wata uku ko huɗu, kuma kafin a yi musayar takardu mai gida yana iya juya maka baya don wani ya ɗora masa fam dubu biyar.

Don Allah ka leƙa mini filina na Ɗanbare, ka faɗa mini nawa buhun siminti yake yanzu. Ka gaida Hajiya da su Umma.