Sayen hannun jarin bankuna ta waya a Tadawul, abin da na gani

'Yan uwa da yawa a nan Jidda suna tambayata wai mai iƙama, wato katin izinin zama na baƙi, zai iya shiga Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya? Eh zai iya, tun 2006 aka ba mazauna ƙasar nan dama. Ni ta manhajar ɓangaren zuba jari na bankin da albashina ke shiga na buɗe mahfaza, wato asusun saye da ajiye hannun jari, ban taka ko reshe ɗaya ba, iƙama mai rai da lambar waya da tabbatarwa ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, shikenan aka ba ni lamba. A nan kam wallahi sun burge ni.

Kasuwa tana ci daga Lahadi zuwa Alhamis, 10 na safe zuwa 3 na rana, kuma in ka saya ko ka sayar sai bayan kwana biyu na aiki ake kammala ciniki. Bankuna goma ne a Tadawul amma ni na tsaya kan huɗun da duk harkarsu ta Musulunci ce, Al Rajhi, Alinma, Albilad da Aljazira, saboda ba na son kuɗin da zan riƙa kwana da kokwanto a kansu, sauran irin su SNB da Riyad Bank sai mutum ya tambayi malaminsa.

Abin da nake so kowa ya gane shi ne maganar kamasho. Kusan 0.155% ne a kowane ciniki, wato in ka sayi na riyal 10,000 za a cire wajen riyal 15 da rabi, ranar sayarwa ma haka, ga harajin VAT a kai. Kamar ba komai ko? To mai saye da safe ya sayar kafin azahar kullum, shi ne yake ciyar da dillali, don hannun jarin banki ba ya tsalle irin na ƙananan kamfanoni, sau da yawa motsin yini guda bai kai ya biya maka kamashon shiga da fita har ka ga wani abin kirki ba. Daɗinsa yana wajen mai haƙuri, rabon riba da galibin bankunan ke yi sau biyu a shekara yana faɗowa cikin mahfaza kai tsaye ba ka cike takardar komai ba, wani lokacin kuma a yi kyautar hannun jari kamar yadda Al Rajhi ya yi a 2022, uku a kan kowane biyar. Sai dai a sani farashi yakan sauka kusan daidai da abin da aka raba, masu rugawa su saya ana gobe ranar cancanta, wato ranar da ake tantance masu samun rabon, suna zaton sun tsinci dami a kala su kula.

Wani abu kuma, riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, shi ya sa in babban bankin Amurka ya taɓa kuɗin ruwa SAMA, babban bankin Saudiyya, ma takan bi, kuma bankuna ne kan gaba wajen jin abin a jikinsu.

Inda ban ji daɗi ba, manhajar takan yi nauyi daidai ƙarfe 10 lokacin buɗewa, kana kallon da'irar nan tana ta juyawa farashi yana wucewa oda ba ta shiga ba, abin da ciwo. Larabci da Turanci kawai take ji, dattawanmu na Makka da suka fi sakewa da Hausa sai sun nemi yaro ya duba musu, kuma harkar kuɗi ba kowa ake nuna wa ba. Sannan in iƙamarka ta mutu kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, bai sabunta da wuri ba asusun banki daskarewa yake, kuɗinka na nan amma hannunka ba ya kaiwa, don haka kar ka zuba kuɗin haya ko na makarantar yara a ciki. Manyanmu da suka ga faɗuwar 2006, lokacin da TASI, ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, ta haura maki 20,000 sannan ta zubar da fiye da rabi kafin shekara ta ƙare, har yau ba sa son a yi musu zancen cin bashi a sayi hannun jari, ni ma ban taɓa danna wajen bashin da ke cikin manhajar ba.