Sharhi a kan dashen okid da na ɗaura a itatuwa a Birnin Kebbi

Daga wani mai sayar da furanni a Abuja na sayo dashen okid iri uku, wato Dendrobium da Phalaenopsis da Ansellia africana, haɗe da ɓawon kwakwa, da zaren ɗauri, da kwalbar takin ruwa, da 'yar takardar bayani. Waɗannan furanni a dajinsu na asali a kan reshe suke rayuwa, ba sa tsotsar itacen kamar yadda kauci yake yi, sai dai saiwarsu mai farin ɓawo ta manne a jikinsa tana shan ruwan sama da raɓa. Shi ya sa na ɗaura su a jikin mangwaron gidanmu, ta ɓangaren gabas, inda hantsi ke samunsu amma ranar azahar ba ta kai gare su.

Kayan sun iso lafiya, saiwoyin da ƙwarinsu, kuma a nan mai sayarwar ya cancanci yabo. Inda na ga gazawarsa shi ne takardar bayanin, wadda ta ce a fesa ruwa sau biyu a mako. Wannan shawara ta masu zama a wuri mai laima ce. A Kebbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da saiwa kafin rana ta take, sannan daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka wanda bai fesa ruwa kowace safiya ba, wani lokaci har da la'asar, to asarar kuɗinsa zai yi.

Phalaenopsis ce ta fara nuna wahala, domin ba ta da kumburarren karan da ake ajiyar ruwa a cikinsa. Ganyenta ya yi yaushi, ta mutu tun kafin saukar damina, kuma ban ga dalilin sayar wa ɗan Kebbi ita a matsayin furen da za a ɗaura a waje ba. Dendrobium ta kakkaɓe ganye a bazara, amma da ruwa ya zauna sai ta fitar da sababbin tsiro.

Ansellia kuwa ita ce ta biya ni. 'Yar Afirka ce, ana samunta a daji a kan itatuwa irin su giginya da goriba, kuma ta saba da dogon rani. Bayan saiwoyin da take riƙe itace da su, tana fitar da waɗansu sirara masu miƙewa sama, waɗanda ke tare busassun ganyen da ke faɗowa har su ruɓe su zama abincinta. Furenta rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, yana kuma daɗewa bai zube ba. Maƙwabta da suka shigo gaisuwa sukan tsaya suna tambaya ko mangwaron ne ya sauya fure.

Ɓawon kwakwar ya yi amfani a rani, sai dai a Agusta yana riƙe ruwa fiye da kima, ga gara tana sonsa, don haka na rage shi. Zaren ɗaurin, rana ta cinye shi, tsumman atamfa ya fi shi aiki. Wayar tagulla kuwa a guje ta, domin tana cutar da saiwa. Takin ruwan yana da kyau idan an tsarma shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta. Ruwan rijiyar burtsatsenmu yana barin farin gishiri a jikin saiwa, saboda haka ruwan saman da na tara nake fifitawa.

Farashin ya yi tsada, amma ga mai sha'awa ina ganin Ansellia da Dendrobium sun ci kuɗinsu, muddin an ɗaura su a watan Yuni don su kama itace kafin hunturu. A kuma tabbatar daga wajen mai sayarwa cewa a lambu aka raini dashen, domin ciro Ansellia daga daji yana cikin abubuwan da ke rage yawanta, kuma cinikin okid tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin daji don kada su ƙare.